Shatin Duka a Bayan Madina

Madina ba ta jingina da kujera ba ranar. Tun da aka shiga aji take ɗofane a bakin kujerar, kafaɗu a ɗage. Sauran 'yan aji uku suna rera karatu, ita kuwa leɓenta kawai ke motsi.

Abla Zubaidatu, malamar ajin, ba ta tambaye ta komai ba. Ta juya ga allo, ta ɗaga hannu za ta rubuta darasi, sai ta cije leɓe, ta sauko da rubutun ƙasa inda hannun ke iya kaiwa.

Makarantar 'yan mata ce ƙarama a kudancin Jidda, tsohon gida da aka mayar azuzuwa, yawancin ɗalibanta 'ya'yan Hausawa mazauna garin. Ba yau abin ya fara ba. Bara, da kunnen Madina ya kwana yana jini, Zubaidatu ta je wurin tsohuwar shugabar makarantar. Matar ta zuba mata shayi, ta ce harkar gida ce, a yi haƙuri.

Yanzu an kawo sabuwa daga Makka, Ustaza Sharifa, wadda ko sunayen malaman ba ta gama riƙewa ba. A taronta na farko ta buga tebur ta ce duk malamar da ta ga alamar cuta a jikin yarinya ta yi shiru, ita ma tana da kamasho a zunubin. Zubaidatu ta kwana biyu tana juya maganar nan a ranta.

Da aka fita cin abinci, ta kama hannun Madina zuwa ofis, ta tura ƙofa, ta ɗage mata riga ta baya.

Ustaza Sharifa ta dafe ƙirji. Shatin duka ne kwance bisa kwance, wasu sun yi baƙi, wasu ba su ko bushe ba.

"Tiyon wanke mota ne," in ji Zubaidatu.

Shugabar ta durƙusa ta tambayi yarinyar wa ya yi mata haka. Madina ta saci kallon malamarta, ta ce faɗuwa ta yi. Aka sallame ta ta koma aji.

Zubaidatu ta ce, "Ubanta ne. Abdulghaffar sunansa, yana fiton kaya a tashar jiragen ruwa."

"Uwar fa? Tana raye?"

"Tana raye. A gabanta ake yi. Iƙamarta, takardar zamanta a ƙasar nan, a ƙarƙashinsa take. Ranar da ta buɗe baki zai sa a buga mata hatimin fita, a ɗora ta a jirgi, yarinyar ta rage a hannunsa ita kaɗai."

Ustaza Sharifa ta ja tsaki. "Wallahi wannan ba uwa ba ce. Ni a taɓa mini 'ya ina kallo saboda takarda?"

Zubaidatu ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago, roƙo ta yi, a hankali, kalma bayan kalma. A kai yarinyar asibiti, likita ya gani da idonsa, a sanar da hukuma. A ce makaranta ce ta lura. Kada a nemi uban, kada kuma sunanta ita malamar ya fito.

"Halas, shi ke nan, bar mini," in ji shugabar.

Zubaidatu ta koma aji tana jin kamar an sauke mata dutse daga ka. Ta koyar da lissafi, har ta yi wa wata yarinya dariya. Duk motar da ta tsaya a waje sai ta kasa kunne, ko ma'aikatan ne suka iso.

Ba wanda ya zo. Dab da tashi aka ce shugaba na kiranta.

Ta tarar da ita tana murmushin wadda ta gama aiki. Shugabar ta ce ta yi wa mai makarantar waya, ya hana a kira hukuma, domin rabin ɗaliban ba su da takardu. In jami'ai suka shigo, makarantar za a rufe, a kwashe iyaye. Saboda haka ta yi abin da ya rage mata: ta kira uban, ta wanke shi tas.

"Da farko musu ya fara. Na ce masa malamar ajinsu ce da kanta ta kawo ta gabana, har ta faɗi abin da aka doke ta da shi. Nan take ya yi tsit. Ya ce yau da kansa zai zo ɗaukarta. Irin mazan nan, kunya kawai suke buƙata."

Zubaidatu ta laluba bayan kujera ta riƙe. 

"Kin ce masa ni ce?"

"To mene ne? Ke malama ce, aikinki kika yi. Me zai iya yi miki?"

Aka kaɗa ƙararrawa. Tsakar gida ta cika da hayaniyar yara masu saka abaya, kowace tana jiran maigadi ya kira sunanta ta lasifika, kamar yadda ake yi kullum in mai ɗauka ya iso. Madina ta zo ta tsaya a ƙofar ofis, jaka a hannu, don ba ta ratayuwa a baya. Ba ta kalli shugabar ba.

Lasifikar ta yi ƙara, muryar tsoho Gwadabe maigadi ta cika makarantar, har cikin ofishin.

"Madina Abdulghaffar, ke da mamanki Abla Zubaidatu, yalla maza ku fito. Maigidan ya ce kada ku bar shi yana jira."