Pak Leman Mai Sauraron 'Yata

"Duba, Pak Leman," na ji 'yata Izzati tana faɗa a ɗakinta. "Faifai yana jiran ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita ma tana jiransa. Kowa ya riƙe makullinsa, komai ya sandare."

Tun da ta samu aikin rubuta manhajar kwamfuta a birnin Penang, shi take kai wa damuwarta. Ni da na haife ta, sai gaisuwa.

"Yauwa! Su riƙa ɗaukar makullan a jere ɗaya. Na gode, Pak Leman!"

Na banka ƙofar. "Miƙo wayar nan!"

Babu waya. Agwagwar roba ce a kan tebur, ashe ita ce Pak Leman.

"Haka mu masu rubuta manhaja muke yi, Baba. In na yi mata bayani, sai in gano kuskurena."

"Ni ba ni da kunne?"

"Kana da shi. Amma ita ba ta cewa in kashe kwamfutar in kunna."