Ranar da Baba Ya Naɗe Mini Hannu

A gidanmu na mahauta a Kusada, yaro ba ya fara dambe sai ya kai shekara goma, ƙashinsa ya yi ƙwari. Ni ina da bakwai Baba ya kira ni bayan la'asar, riƙe da zarensa na dambe. A ƙofar gida dogarai biyu daga Kankiya suna jiransa, don sunansa ya fito cikin waɗanda Turawa za su kai haƙar kuza.

Zaren yana warin kitse da tsohon gumi. Ya naɗe mini hannun dama, ya ɗaure tamau.

Inna ta ce, "Maigida, yaron nan ko famfara bai gama ba."

"Wa za ya koya mai in ban komo ba?" Ya buɗe tafinsa. "Buga."

Na buga.

"Kafa ƙafarka tukuna."

Dogari ya ƙwala masa kira. Na sake bugawa, ina hawaye. Baba ya yarfe hannu, ya ce, "Yauwa," ya miƙe ya fita.

Bai dawo ba. Ga ni da furfura, har yau ban sani ba ko dukan ya shige shi ne, ko don ni ya yarfe hannun.