Tsiren Juma'a

Mai gyara ya kwance bayan obin ɗin, ya leƙa. Sati guda obin ya ƙi yin zafi, masu sayen kek ɗin Hajiya duk sun watse. Maigidanta kuwa kullum cewa yake wuta ce ba ƙarfi.

"Hajiya, wanga ba lalacewa ya yi ba. Wayoyin tagulla anka yanke, irin da 'yan jari-bola ka saye."

Ta waiwaya. Maigidan na bakin ƙofa, kansa a sunkuye. Sai ta tuna tsiren da ya shigo da shi ran Juma'a, karon farko tun da aka ƙwace babur ɗinsa a hanyar Ƙwanni. Da bakinta ta sa yara suka yi masa addu'a.