Sulhun Inna Hure

Ranar sadakar ukun Inna Hure, ƙofar gidanta a Bukkuyum ta cika har bakin hanya. Kowa da abin da yake tunawa: wannan ita ta yanke masa cibiya, wancan ita ta yi jinyar uwarsa. Shitu manomi ya gyara zama kusa da amininsa Labbo makiyayi, ya yi gyaran murya.

"Shekarar da shanun wanga bawan Allah sunka cinye mini gero, tun kafin zuwan naira, na rantse sai mun je gaban alƙali," in ji shi. "Sai ga Inna da ƙwaryar nono, ta ce Labbo ya aiko, yana ba da haƙuri. Da na ga ya sauko, sai na yafe."

Labbo ya daina juya goron da ke hannunsa. "Wa ya sauko? Kai ka aiko ta ruga da damin dawa, ka ce a manta. Ni ban aiki kowa ba."

Ɗanmusa, autan marigayiya, ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Dawar daga rumbunta ta fito, Baba. Nonon kuma ni ta aika na karɓo a kasuwa."

Can gefe wasu dattawa biyu, waɗanda su ma Inna ce ta taɓa sulhunta su, suka fara kallon juna.

Shitu ya harari Labbo. "Ashe shekara hamsin da ɗoriya ina abota da wanda bai ba ni haƙuri ba?"

Labbo ya ɓare goron, ya miƙa masa rabi. "Karɓi. Wanga dai ni na ba ka, ga shaidu."