Talatar Sanin Juna

"Mama, ɗan goge teburin nan, sannan ki kawo mana ruwa," in ji Manaja ga dattijuwar da ya tarar a ɗakin taro. Ta dube shi, ta ɗauki tsumma.

Shi ya kafa sabuwar dokar: duk mai aiki daga gida ya riƙa shigowa ofis ranar Talata. Yau ce ta farko, har da jawabi ya shirya.

"Shekara biyu muna taro ta kwamfuta," ya ce da ma'aikata suka zauna. "Aiki ba ya tafiya sai an san juna. Ni kowannenku na san shi kamar tafin hannuna."

Ya bi fuskokinsu da kallo.

"Ina Injiniya? Ita ce ƙashin bayan sashen nan, sau uku tana ceto mu. Ba ta zo ba ko? Kun ga halin masu aiki daga gida!"

"Ga ni, ranka ya daɗe."

Muryar ya fara ganewa, wadda yake ji kowace safiya yana latsa wayarsa. Dattijuwar ce, riƙe da farantin kofuna.

"Ai... ai ba kya kunna kyamara," in ji Manaja.

"Kullum a kunne take. Kai ne ba ka taɓa ɗago kai ba." Ta ajiye masa ruwan a hankali. "Da sauran inda zan goge, ko in zauna?"