Ranar da Mahaifin Sabitu Ya Rasu

Kayya, zamanin nan! Kowane ma'aikaci shugabanni barkatai gare shi, launin munduwar hannunsa ke nuna mai iko da shi a lokacin. Ƙofar wurin aiki kuma ba ta buɗewa sai da izininsa.

Da hantsi aka sanar da Sabitu mahaifinsa ya rasu. Ya ruga neman izinin fita wurin Hajiya Turai, mai iko da shi a lokacin.

"Allah ya jiƙansa. To, ka..." Sai munduwar ta koma koriya. "Kash, yanzu kai na Malam Ɗanjuma ne."

Malam Ɗanjuma yana cikin tambayar sunansa munduwar ta yi ja.

Gawa kuwa ba ta jira. Maƙwabta suka binne tsohon.

Washegari shugabannin suka zo ta'aziyya, ɗayansu ya dafa Sabitu: "Bawan Allah, ina ɗan marigayin?"