Ɗan Kofur a Zaman Makoki

Tanimu, na ga sauri kake yi za ka taron ƙungiyarku ta aikin gayya. Ɗan tsaya tukuna in ba ka wani misali, ba zai ci maka lokaci ba.

An yi wani manomi a wani ƙauye na bakin rafi, tsohon soja ne, kowa Kofur yake ce masa. Ya je yaƙin basasa yana saurayi, ya dawo da ɗingishi, ya koma gonar ubansa. Allah ya ja kwanansa har ya doshi tasa'in. Ɗansa namiji guda ne, sun fi shekara hamsin gida ɗaya, gona ɗaya, amma abin da ɗan ya fi sani a jikin ubansa shi ne ƙeyarsa, don kullum fita yake yi. Ana tsakiyar noma a zo a ce an yi rasuwa a ƙauyen gaba, sai ya jingine fartanya ya saɓi diga, ya tafi haƙar kabari. Ruwa ya cinye hanya, yana can. Gobara ta tashi, yana can. Ɗan ne ke ƙarasa aikin shi kaɗai, in sun haɗu wajen tuwo kuma daga "sannu" sai "yauwa". Ranar da uwarsa ta cika, shi ya riƙe mata kai. Uban yana wani gari yana yasar rijiya, bai iso ba sai bayan la'asar, laka har gwiwa, an riga an kai ta. Ɗan bai taɓa yafe masa wannan ba.

Da tsohon ya rasu, ɗan ya shimfiɗa tabarma uku a ƙofar gida, a ganinsa sun isa. Kafin azahar an aro na maƙwabta, an kwaso na masallaci, duk da haka wasu a ƙasa suka zauna. Fuskoki ne da bai taɓa gani ba. Wani Bafulatani ya durƙusa ya ce, "Shekarar da kowa ya toshe mana hanya, mahaifinka ya bar wa shanunmu burtali ta gefen gonarsa." Ɗan ya tuna shekarar sarai, ita ce rumbunsu ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka. Wani magidanci mai furfura ya riƙe masa hannu yana hawaye, ya ce Kofur ne ya tura amalanke da uwarsa a ciki tana naƙudarsa, ya kai ta wajen ungozoma, shi ya sa aka raɗa masa sunan marigayin. Sai wasu suka shiga labarin barkwancinsa, wai in ana aiki yana rera waƙar soja yana kwaikwayon fareti da gurguwar ƙafarsa, har mutane su riƙe ciki. Barkwanci? Shi da bai taɓa ganin haƙoran ubansa ba? Kansa ya ɗaure, har ya sunkuya ya tambayi na kusa da shi, "Malam, anya ba ɓatan gida kuka yi ba?" Mutumin ya dube shi da mamaki. "Ba nan ne gidan Kofur ba?" Ya ce, "Nan ne." Ya koma yana amsa "Allah ya ba da lada" kamar wanda aka ɗauko haya ya zauna makokin baƙo.

Ran sadakar uku aka kawo wani tsoho a kan babur, wanda suka yi soja tare da marigayin. Ɗan ya ja shi zaure, ya ce, "Baba, don Allah wane ne mutumin nan da ake ta yabo? Ni fa ban san shi ba." Tsohon ya ce, "Ni ma rabi na sani. A can wajen yaƙi mun bar mutane a daji ba mu binne ba, namu da waɗanda ba namu ba. Ya taɓa gaya mini in ya zauna shiru a gida su yake gani, in hannunsa na aikin wani sai su ƙyale shi." Ɗan ya ce, "To mu fa? Ni da uwata me muka yi masa?" Tsohon ya ce, "Wannan kam, ɗana, da shi ka tambaya yana da rai."

Mutane suka watse, ya mayar wa kowa tabarmarsa. Ya rasa abin da zai yi da zuciyarsa. In ya tuna taron sai ya ji ƙirjinsa ya cika, in ya tuna uwarsa sai abin ya koma ɗaci, ga kuma tausayi da ya shigo masa ba sallama. Ya je kabarin ya ɗaga hannu, ya rasa wa zai roƙa wa gafara, Kofur na jama'a ko baban nan nasa mara magana. Ƙarshe ya roƙa wa su biyun, ya shafa, ya juyo gida bai fahimci komai ba.

Ni ban ce Kofur ya yi asara ba, ladansa yana wajen Allah, kuma ƙauyuka goma sun shaide shi. Amma wanda ya tashi a gindinsa rana ya sha. Shi ya sa Hausawa suka ce, inuwar giginya, na nesa ka sha.